Kwalta ba ta mayar da farin katako maɗaci

A bakin tafkin Gidimuni da ke yankin Damagaram a Nijar na ga wani kwalekwale da aka jawo gaɓa. Bai cika damina biyu a ruwa ba, amma da mai shi ya danna haƙarƙarin jirgin da babban yatsa, sai yatsan ya nutse kamar cikin dafaffiyar kabewa, ƙusoshin kuwa da hannu yake zare su. Da farin katakon nan maras nauyi da ake shigowa da shi daga Najeriya aka haɗa jirgin gaba ɗaya, har da gindinsa.

Hujjar da wasu kafintocinmu na Damagaram suke kafawa ita ce, in dai an shafe katako da kwalta to ruwa ba shi da hanyar shiga. Wannan magana ba ta da tushe, kuma masu yin ta sun sani. Jirgi yana lanƙwasa duk lokacin da aka loda masa mutane da buhuna, rana ta fasa kwaltar, ruwa ya bi ramin kowace ƙusa ya kwanta a ciki, ruɓa ta fara daga inda ido ba ya gani. Gindi da haƙarƙari su ne ke ɗauke da nauyin duka, don haka itace mai tauri suke buƙata irin maɗaci ko ƙirya, shi ma jan cikinsa, domin farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo shi ƙwari da danshi suke fara ci. Tsofaffin masassaƙa har reshe mai lanƙwasa suke nema su fitar da haƙarƙari, saboda jijiyar itacen ta bi lanƙwasar. Wanda aka yanko daga miƙaƙƙen katako a nan gwiwar yake tsagewa.

Masu cewa a koma jirgin ƙarfe kawai ba su taɓa tambayar masunci abin da yake samu a rana ba.

Gaskiya ne maɗaci ya yi wuya, kuma dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ba ta bar kowa ya sari itace yadda ya ga dama ba. To amma tsadar itace ba ta halatta wa kafinta ya ɓoye ruɓaɓɓen aiki a ƙarƙashin baƙin fenti, ya miƙa wa mutumin da zai ɗora 'ya'yansa a kai. Ya kamata ƙungiyoyin masunta su zauna da ma'aikatan daji a ware musu itacen gindi da haƙarƙari, kuma kada mai saye ya biya ko dala sai ya ga ƙashin jirgin tsirara kafin a shafa kwalta.