Lita ɗaya ta inji, lita ɗaya ta ƙasa

Juyen mai ai ba aiki ba ne, haka na ce wa kaina. Babur ɗina mai inji 125cc ne, littafinsa ya ce lita ɗaya yake sha in har da canjin filta, mai lamba 10W-40 wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wannan rubutun ba ado ba ne, alama ce cewa man ya dace da kulocin babur. Kulocin irin wannan babur a cikin man inji yake wanka, in ka ɗura masa man mota mai sinadarin ƙara santsi sai ya riƙa sulɓewa, ka murɗa totur inji na kururuwa, babur na tafiyar hawainiya.

Minti 3 zuwa 5 ake barin inji ya yi aiki kafin juye, don mai ya yi ɗumi ya tsinke, ya kwaso dattin da ya kwanta. Ni waya ce ta shigo, na bar shi ya yi minti 20. Na kashe, na kafe shi a ƙafar tsakiya, na cire murfin sama don iska ta samu hanya, na tura roba ƙarƙashi, na tsuguna da sifana mai lamba 17.

Notin juye, wanda ke toshe ramin fitar mai a ƙasan inji, ya ƙi motsi. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara taurin kai. Ashe ɗaure shi nake yi. Noti yana kwancewa ne in ka juya shi saɓanin tafiyar agogo kana fuskantar kansa, shi kuwa wannan kansa ƙasa yake kallo, ni ina leƙe ta sama, lissafi ya juye. Allah ya taimake ni na tsaya da wuri, domin notin ƙarfe ne, jikin injin kuma alminiyom, in aka matsa haƙoran ramin ne ke cinyewa, daga nan sai wurin bakanike.

Ƙa'ida ita ce in noti ya kusa fita ka danna shi sama da yatsa kana juyawa, sannan ka fizge hannu gefe. Ban danna ba, ban fizge ba. Man da ya sha wutar minti 20 ya bi hannuna har gwiwa, noti ya faɗa cikin roba tsulum. Da na gama rawar da ba kiɗa, na lalubo shi da maganaɗisu, na goge, na yar da tsohon wosha. Shi woshan sau ɗaya yake aiki, da an ɗaure ya lotse ya toshe kafa, in ka maimaita shi sai ɗiga. Na ajiye notin a kan tsumma, na ja robar zuwa gefen filta.

A nan fa na nuna gwaninta. Murfin filta ƙananan notuna uku ne, a bayansa akwai sifirin, wanda ya yi tsalle ya shige inda sai da na kwanta rub da ciki na gano shi. Na lura da yadda tsohuwar filta take zaune kafin in zare ta, don in aka sa sabuwa a juye mai ba zai wuce ba. Na duba ƙaramin zoben roba na bayanta yana nan, na shafa wa babban zoben murfi sabon mai da yatsa, na ɗaure notunan bi da bi, kaɗan kaɗan, har murfi ya zauna daidai.

Na kafa mazurari, na tuttula kusan duka robar sabon mai. Na tsoma sandar awo, ta fito a bushe. Na ce lallai injin nan ya sha ƙishirwa, na ƙarasa sauran. A bushe. Ina tsaye ina nazari sai na ji wani santsi a tafin ƙafata, a daidai lokacin ɗana ya miƙo hannu.

"Baba, wannan na ina ne?"

Notin juye ne. Mai sabo fil, garau kamar zuma, yana malala a ƙasa.

Sa'ata ɗaya ban taɓa makunni ba, don inji ba mai cikin 'yan mintuna fistin ke kamewa. Da roba ta biyu ta zo, noti na fara sawa, da sabon wosha, da yatsu tukuna don kada ya hau a karkace, sannan sifana, matsi madaidaici. Na zuba mililita 800, na tayar minti 2 filta ta cika, na kashe, na jira minti 3, na auna babur na tsaye cak, na ƙara kaɗan kaɗan har ya kai layin sama. Ban wuce layin ba, mai in ya yi yawa kumfa yake yi, ya bi tiyo ya jiƙe filtar iska. Tsohon man na ɗure shi a galan don kai wa masu karɓa.

Yashi ya shanye abin da ya iya, tabon ya zauna daram a inda nake ajiye babur. Duk baƙon da ya shigo sai ya duƙa ya leƙa, ya ɗago cikin tausayi ya ce, "Malam, mashin ɗinka fa yana yoyo."