Ga ɗalibanmu na kimiyya: ku tuntuɓi masu aiki kafin ku zaɓi taken bincike

Duk lokacin da zaɓen taken bincike ya ƙarato, sai ka tarar da ɗaliban kimiyya a ɗakin karatu suna jujjuya tsofaffin kundaye, kowa yana neman wanda zai sauya wa sunan gari ya miƙa wa malaminsa. A ganina wannan ɗabi'a ce ke raba yaranmu da aiki tun kafin su karɓi takardar kammalawa, domin duk wanda zai ɗauki ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje, abin da zai fara tambaya shi ne me ka auna da hannunka, kuma da wace na'ura.

Sakkwato kuwa ba ta rasa matsalolin da ke jiran mai awo ba. Albasar da ake nomawa da rani a fadamun Wurno da Goronyo, wani kaso nata a rudu, wato rumfar da ake ajiye ta, yake ruɓewa kafin farashi ya tashi, manomi yana kallo. Ɗalibin da ya zauna watanni yana auna zafi da danshin cikin rudu, ya gwada tasirin sauya rufi da yawan albasar da ake jibgewa, ya fito da sakamakon da ɗan kasuwa da hukumar noma za su iya amfani da shi. Ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda tun farkon shekarun 1980 take aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da hasken rana, amma ɗaliban noma nawa ne suka taɓa leƙa ta?

Haka abin yake ga masu ilimin sinadarai da na duwatsu. Kamfanin siminti na Kalambaina kullum sai ya gwada farar ƙasar da yake haƙowa, ga ma'adinin fosfet kwance a yankin Dange da Shuni, wanda da shi ake haɗa takin zamani. Ta fuskar lafiya, a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar nan mai cin baki da fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma, cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali asibitin da aka keɓe mata yana nan cikin garinmu. Cutar da ta shiga wannan jeri tana jan hankalin masu ba da kuɗin bincike, su kuwa suna buƙatar wanda ya san yanayin wurin, yake jin harshen iyayen yaran.

Malamai ma suna da nasu laifin, don wasu sun fi son taken da ba ya cin sinadari ko kuɗin mota. Duk da haka ɗalibi yana da abin yi. Ya bincika wane malami ne a sashensu yake riƙe da tallafin bincike na TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, ya nemi shiga tawagarsa ko da wankin kwalaben gwaji zai fara. Ya kuma karɓi wasiƙa daga shugaban sashe, ya je wurin da ya yi horon sanin makamar aiki, ya tambaye su wace tambaya ce ta dame su ba su sami mai amsa ta ba, sannan ya dawo da ita gaban malaminsa a matsayin take.