Wa ya auna kashi 20 na lokacin farfesa?

Tun ranar 7 ga Fabrairun 2025, da hukumar NIH mai ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka ta ce za ta zaftare kuɗin ɗawainiyar da take biyan jami'o'i a kan tallafin bincike, wato ƙarin da ake ba su don gine-gine da hidimar ofis, zuwa kashi 15 cikin ɗari, magana ɗaya ake ta nanatawa: wai jami'o'i sun cika ofisoshinsu da masu jujjuya takardu, kuɗin masu biyan haraji na zurarewa a banza. Mai shari'a Angel Kelley ta kotun tarayya da ke Boston ta taka wa matakin birki, amma bakin masu wannan magana bai mutu ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba sa tambayar wanda ya haifi takardun. Gwamnatin da ke kukan ce uwarsu.

A ɗauki guda ɗaya kawai, takardar da malami ke sa wa hannu don shaida yadda ya raba lokacinsa. Duk wanda ake biyan wani ɓangare na albashinsa daga tallafin gwamnatin tarayya, sai an nuna cewa ya yi wa tallafin aiki daidai da abin da aka cira. To sai farfesa ta buɗe kwamfutarta a ƙarshen zangon karatu, ta tarar an jera mata: kashi 30 na tallafi kaza, kashi 20 na wani, kashi 50 koyarwa da sauran hidimar jami'a. A ƙasa akwai wurin da za ta amsa cewa haka abin ya kasance. Watanni sun shuɗe. Ta yaya za ta tuna? Ran nan da ta kwana a ɗakin gwaji tana nuna wa ɗalibinta yadda ake sarrafa wata na'ura, koyarwa ta yi ko bincike? Tunanin da ya faɗo mata tana tuƙi zuwa gida, wanda ya warware matsalar ayyukan biyu gaba ɗaya, a asusun wa za a rubuta shi?

Kuma ɗari bisa ɗarin nan ba awa 40 ba ne a mako. Dukan abin da mutum ya yi wa jami'a ne, komai yawansa. Mai aikin awa 60, kashi 20 ɗinsa awa 12 ne. Maƙwabcinsa mai awa 40, awa 8. Lamba ɗaya, aiki daban. Mafi ban dariya, ba a yarda a ɗora lokacin rubuta neman sabon tallafi a kan tallafin da ke hannu ba. Wanda tallafi ke biyan albashinsa duka, ranar da ya zauna rubuta takardar da za ta ciyar da ɗakin gwajinsa baɗi, ya taka doka ke nan.

Gwamnatin ma ta san da haka. A cikin ƙa'idojinta, tun tsohuwar takardar A-21 har zuwa waɗanda suka maye gurbinta a Disambar 2014, an rubuta ƙarara cewa a jami'a koyarwa da bincike da gudanarwa a cakuɗe suke, ba a sa ran a iya tsefe su daidai wa daida. An yarda ƙiyasi ne. Amma idan ƙiyasin ya karkace, dokar hukunta masu yi wa gwamnati ƙaryar kuɗi, wadda ta samo asali tun 1863, tana jira, da tarar ninki uku, da kaso mai tsoka ga wanda ya tona asiri. Jami'ar Northwestern ta biya dala miliyan 5.5 a 2003. Yale ta biya miliyan 7.6 a 2008, Columbia miliyan 9 a 2014, Jami'ar Florida kusan miliyan 20 a 2015.

Masu kare tsarin za su ce ai ga shi nan yana kama masu laifi; ni abin da na gani shi ne takardun suna nan a cike, da sa hannu, a lokacin da ake tafka ɓarnar. A shari'ar Columbia, sashen kuɗi ne ke cike alƙaluman, shugabannin bincike kuma su rattaba hannu a kan tulin takardu ba tare da sun bincika ko ma'aikatan sun yi aikin ba. Wace ɓarna takardar ta hana? Mai niyyar cuta zai rubuta kashi 30 hankalinsa kwance. Mai gaskiya ne ke zufa, don shi ya san bai auna komai ba.

Ga kuma asarar da ba a lissafawa. Ƙungiyar FDP, wadda ta haɗa jami'o'i da hukumomin tarayya, ta tambayi masu bincike a 2005 da 2012, suka ce kusan kashi 42 na lokacin da ya kamata su ba binciken da gwamnati ta biya yana tafiya ne a hidimar takardu. A 2018 abin ya kai 44. Ba takardar rabon lokaci kaɗai ta cinye wannan ba, gaskiya ne, amma tana cikin waɗanda ba su ƙara wa kowa ilimi ko na ƙwayar zarra.

Su ma jami'o'in ba zan wanke su ba. Ƙa'idojin 2014 sun sassauta: abin da suka nema shi ne tsarin sa ido na cikin gida da zai tabbatar albashin da aka cira ya dace da aikin, ba lallai wannan tsohuwar takarda ba. Tun kafin nan an gwada wata hanya a George Mason da Michigan Tech da rassa biyu na Jami'ar California, Irvine da Riverside, inda shugaban aiki ke duba albashin da aka cira daga tallafinsa sau ɗaya a shekara ya amsa cewa ya dace. Duk da haka jami'o'i da yawa sun ƙanƙame tsohon tsari, don tsoron masu binciken kuɗi ya fi ƙarfin tausayin malamansu. An buɗe musu ƙofa, sun ƙi fita.

Abin yi ba boyayye ba ne: a bi waccan hanya ta shekara-shekara, a auna mai bincike da abin da ya fitar, wanda aka kama da sata kuma a hukunta shi shi kaɗai.

Amma a daina yi mana wasa da hankali da batun kashi 15. Tun 1991, bayan badaƙalar Jami'ar Stanford da aka samu har kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa a cikin lissafin ɗawainiya, gwamnati ta ƙayyade abin da take biya na ɓangaren gudanarwa a kashi 26, alhali dokokin da take ɗorawa ba su daina ƙaruwa ba. Idan aka sake datse kuɗin aka bar dokokin, ma'aikaciyar ofis da ke haɗa alƙaluman ce za a sallama. Takardar kuwa tana nan, sai dai ta koma teburin farfesa, ta cike ta da kanta a lokacin da aka biya don ta yi bincike.