Omeprazole ba lasisin shan diclofenac ba ne

"A haɗa min na ciwon jiki, a sa min da na olsa." Tsaya a kowane kemis a Farin Gada ko titin Bauchi a Jos bayan magariba, za ka ji masu dakon buhunan dankali da tumatir suna faɗin haka. Ni dai wannan haɗin yana tayar min da hankali.

Ruwan tsamin da ciki ke narkar da abinci da shi zai iya cin naman cikin kansa. Abin da ya hana shi, wani yaɓe ne mai yauƙi da Allah ya shimfiɗa a bangon ciki, ɗauke da sinadarin da ke kashe kaifin tsamin. Magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen da Feldene da asfirin suna hana jiki sarrafa sinadarin prostaglandin, wanda shi ke sa a riƙa sabunta yaɓen nan. Ciwon baya ya lafa, yaɓe yana ta sirancewa, mutum bai sani ba.

To omeprazole, wato na olsan, fa? Rage tsami yake yi, shi ya sa ake shan sa kafin karin kumallo. Ruwan sama yake ragewa, ba ya gyara rufi. Likita kan haɗa su ga wanda dole ne ya sha maganin ciwo, amma da lissafi da wa'adi, ba kullum dare shekara da shekaru ba. Masu taɓa yaɓen kai tsaye daban suke: sucralfate yana manne wa gyambon ya rufe shi, misoprostol kuma yana ƙara yauƙin, sai dai yana zubar da ciki, mai juna biyu ko kusa kada ta je.

Sannan ga ƙwayar cutar H. pylori, wadda a cikin yauƙin nan take zama tana haddasa olsa. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya ne suka gano ta a 1982, suka samu kyautar Nobel a 2005, amma har yau a Jos yunwa da yaji muke ɗora wa laifi, muna ɗirka wa ciki madara. Gwajin bayan gida yana nuna ta. Maganinta kuwa yawanci sati biyu ne, omeprazole haɗe da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, a shanye su duka ko da ciwon ya daina.

Wanda bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, wannan ya wuce kemis. A ɗauke shi sai JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibiti mafi kusa, a daren.