Manifol ne ke tsara halin injin V8, ba yawan kafireta ba

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin tsohuwar motar Amurka ta shekarun 1960, irin su Pontiac GTO ko Dodge Super Bee, kan kafireta idonsa yake fara sauka, musamman idan guda uku ne a jere suna ƙyalli. Ni kuwa abin da ke ƙarƙashinsu ne ya fi ɗaukar mini hankali, wato manifol ɗin shigar iska, ƙarfen nan da ke kwance a tsakiyar injin V8 yana raba iska da fetur ga silinda takwas. A ganina shi ne ke yanke hukuncin inda ƙarfin injin zai fito, kuma yawancin masu gyara waɗannan motoci a nan suke yin kuskure, domin sukan sayi manifol na filin tsere su ɗaura wa motar da a kan titi take rayuwarta.

Iskar da ke gudu a cikin bututun manifol tana da nauyi. Idan bawul ya rufe farat ɗaya, sai ta yi karo da shi, matsin ya koma baya ya sake dawowa, kuma idan dawowar ta yi daidai da lokacin da bawul ɗin ya sake buɗewa, silinda za ta sami ƙarin cika ba tare da an ƙara mata komai ba. Dogon bututu yana yin wannan daidaito ne sa'ad da injin ke juyi a hankali, gajere kuwa sai injin ya ɗau zafi. Kamfanin Chrysler ya nuna haka a fili a motarsa 300F ta 1960, inda ya ba injinta, wanda ake kira 413, bututu masu tsawon inci 30, har ta kai kafiretar da ke ciyar da silindun hagu can gefen dama take zaune, ta dama kuma a hagu. Abin ba kyan gani, kuma makaniki yakan sha wahala kafin hannunsa ya kai ga fulogi, amma ƙarfin jan motar yana kai ƙololuwarsa tun injin na juyi 2,800 a minti, daidai inda direba yake bukatarsa idan zai wuce wata mota a babbar hanya.

Akwai manifol mai ɗaki biyu, akwai kuma mai ɗaki guda irin na tsere. Idan ka cire kafireta ka leƙa cikin mai ɗaki biyu, za ka ga bango ya raba ramin gida biyu, kuma daɓen ɓangare ɗaya ya fi na ɗayan zurfi. Kowane ɗaki silinda huɗu yake ciyarwa, biyu daga kowane gefe, an kuma tsara su yadda ba za a sami silinda biyu masu zuƙa a jere suna ja daga ɗaki ɗaya ba. Saboda haka kafireta tana jin zuƙa mai ƙarfi ko da motar tana silo, fetur kuma ya gauraya da iska yadda ya kamata. Mai ɗaki guda ba shi da wannan bango. Duka takwas ɗin daga kwano ɗaya suke ci, ga shi kuma a injin Chevrolet silinda ta 5 da ta 7 maƙwabta ne masu zuƙa ɗaya bayan ɗaya, don haka ɗaya takan ci rabon 'yar'uwarta.

Kamfanin Edelbrock, wanda ya samo asali daga manifol ɗin Slingshot da Vic Edelbrock ya ƙera wa injin Ford a 1938, bai ɓoye wa kowa wannan bambanci ba. Ya ce Performer mai ɗaki biyu yana aiki daga silo zuwa juyi 5,500, Victor Jr. mai ɗaki guda kuwa daga 3,500 zuwa 8,000. To, mutumin da ke tuƙa motarsa a cikin gari da wuya allurarsa ta wuce 3,000, ka ga idan ya ɗaura mai ɗaki guda ya sayi abin da aikinsa ke farawa a inda shi yake tsayawa. Sai ya taka totur a fitilar hanya motar ta yi kamar za ta shaƙe, ya kwance fulogi ya tarar da su baƙi ƙirin, da sanyin safiya kuma fetur ya kwanta a daɓen manifol, tun da irin na tsere ba shi da hanyar hayaƙin salansa da ke ɗumama ƙasan ɗakin. Daga nan sai ya ɗora wa kafireta laifi, ya sayo wadda ta fi girma, garin neman gira ya rasa ido.

Masu cewa kafireta uku ne sirrin ƙarfin waɗannan motoci ma ba su duba da kyau ba. Injin 440 Six Pack na 1969, mai kafireta uku da ƙarfin doki 390, a kan manifol mai ɗaki biyu yake, na alminiyon da Edelbrock ya ƙera wa Chrysler, kuma kafiretar tsakiya kaɗai ke aiki a tafiyar yau da kullum, sauran biyun ba sa buɗewa sai injin ya nemi ƙarin iska. Chevrolet ma da irin wannan manifol ya fitar da Camaro Z/28, na kafireta biyu mai gicciye kuwa daban ake sayensa domin gasar tseren motoci ta Trans-Am.

Inda na yarda da canji shi ne batun nauyi. Manifol na ƙarfen zubi yana da nauyin da sai ka dage kafin ka ɗago shi daga kan injin, don haka maye gurbinsa da na alminiyon mai ɗaki biyu ba laifi ba ne, muddin an auna tsayinsa an tabbatar bonet zai rufu. Na asalin kuma a wanke shi a ajiye, domin lambobin da aka zuba a jikinsa suna cikin abin da mai saye zai duba ranar da za a sayar da motar.