Kafin Ka Shiga Layin Ikirari

'Yan'uwana cikin Kristi na Katsina da kewaye, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Duk sa'ad da Ista ko Kirsimeti ta ƙarato, layin ikirari, wato furta zunubi a gaban Fada don samun gafarar Allah, yakan yi tsawo, tun daga babban cocinmu na St. Martin de Porres har ƙananan majami'un ƙauyukan Malumfashi da Funtuwa. Abin godiya ne ga Allah. Sai dai akwai maganar da ke yawo a bakin mutane tana ci mini rai: wai "Ni ba zan durƙusa gaban Fada wane ba, na san halinsa, gafararsa ba za ta karɓu ba." Wasu kuma sai sun ji an yi baƙon Fada wanda Hausarsa ba ta nuna ba, sannan su ruga, su yi ta magana ciki-ciki don kada ya gane abin da suka faɗa.

Gafarar nan ba daga aljihun Fada take fitowa ba. A daren tashinsa daga matattu, Yesu ya hura wa almajiransa numfashi, ya ba su Ruhu Mai Tsarki da ikon gafarta zunubi da na riƙe shi, kamar yadda yake a Yohanna 20:22-23. Tun a ƙarni na 4 wasu Kiristoci a Arewacin Afirka suka ce sakramentin da limami mai zunubi ya bayar ba shi da inganci. Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tsaya musu tsayin daka cewa Kristi ne da kansa ke aiki ta hannun limamin, Ikilisiya kuwa ta tsaya a kan haka har yau. Muddin an naɗa Fada bisa ƙa'ida, yana da izinin sauraron ikirari, wanda tun kafa dayosis ɗinmu a 2023 Bishop Gerald Mamman Musa ke ba limamansa, ya kuma furta kalmomin gafara cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, to ɓangarensa ya cika. Zunubinsa kuwa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. In mutum yana bakin mutuwa, kowane Fada na iya gafarta masa, ko da wanda aka dakatar ne. Ta waya dai ba a yi, sai gaba da gaba.

Inda abin ke lalacewa, galibi daga wajenmu ne. Wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan, ko don kunya ko don Fada ya san iyayensa, ikirarinsa bai yi ba, ya ma ƙara wa kansa wani nauyi. Mantuwa daban ce: wanda ya manta da gaske an gafarta masa, sai ya ambata a karo na gaba. Kuma tsoron me ake ji? Fadan da ya tona asirin ikirari ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take, fadar Paparoma a Roma kaɗai ke iya kwance shi.

Ga kuma wadda ta fi yi mana wuya. Kai mai awon gero da ka doke gindin mudunka ya lotsa ciki, kai da kowace damina kake matsar da iyakar gona taku ɗaya zuwa cikin ta marayun ɗan'uwanka, ke da kika riƙe kuɗin adashin mata kina ta gobe-jibi: in kun faɗa wa Fada alhali ba ku da niyyar dainawa ko mayar da haƙƙin mutane, me kuka je yi? Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, bai tsaya ga baƙin ciki ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. In ba ka da halin biya yau, ka ƙulla niyya ta gaskiya, ka fara da abin da ke hannunka.

Sai batun rangwamen horo, wato indaljens, wanda da yawa suka fara jin labarinsa a shekarar Jubili ta 2025, wato shekara mai tsarki ta Ikilisiya. Ba gafarar zunubi ba ne, ba ya kuma maye gurbin ikirari. In an cire ƙaya daga ƙafa, ƙayar ta fita amma miki na nan yana neman jinya. Annabi Natan ya shaida wa Dawuda cewa Allah ya kawar da zunubinsa, duk da haka sai da ya ɗanɗani sakamakon abin da ya aikata. Wannan ragowar horon ne Ikilisiya ke sassauta wa ɗanta daga taskar alherin Kristi da na tsarkaka.

Ba a sayensa, ko da kwabo. An taɓa yin wannan ɓarna a Turai, tana cikin abin da ya tunzura Martin Luther, jagoran ɓallewar Furotesta, a 1517. Babban taron bishop-bishop na garin Trent ya la'anci cin riba da shi, Paparoma Pius na 5 kuma ya soke duk rangwamen da aka haɗa da biyan kuɗi a 1567. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu a ba ka, ka kai maganar gaban Fada.

Sharuɗɗan cikakken rangwame, yadda Paparoma Paul na 6 ya tsara su a 1967, su ne ikirari, karɓar Jibi Mai Tsarki, addu'a domin nufin Paparoma, da aikin da aka ayyana, kamar bin Hanyar Gicciye, ko yin Rosari a coci ko tare da iyali, ko rabin awa na karatun Littafi Mai Tsarki. Akwai kuma sharaɗin da muke tsallakewa da gudu: zuciya ta rabu da sha'awar kowane zunubi, har ƙananan. Wanda ya gama Rosari yana jiran gari ya waye ya rama zagin da maƙwabciya ta yi masa, rangwamensa ba cikakke ba ne, sashe kawai ya samu.

Sau ɗaya ake samun cikakken a rana. Kana iya riƙe wa kanka ko ka miƙa domin wanda ya rasu, amma ba a yi wa wani mai rai. Daga 1 zuwa 8 ga Nuwamba, duk ranar da ka ziyarci maƙabarta ka yi wa matattu addu'a tare da cika sauran sharuɗɗan, rangwamen nasu ne. Ikirari ɗaya ya ishe ka dukan kwanakin, amma kowace rana tana buƙatar nata Jibin da tata addu'ar domin Paparoma.