Lantarki ba mudu: NERC ta fi hanzari wajen ƙarin farashi

A kasuwar Dawanau, mai hatsi komai girmansa sai ya auna a gabanka kafin ya karɓi kuɗinka. Lantarki kaɗai ake sayar wa miliyoyin 'yan Najeriya ba mudu. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki kuwa, wadda aka kafa don ta tsaya tsakaninmu da kamfanonin rarraba wuta 11 da aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, ta fi zafin nama wajen ƙara farashi fiye da duba awo.

Ranar 3 ga Afrilu 2024 ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 na wuta kullum. Ni ban ƙi hujjarta ba. Iskar gas ɗin da tashoshi ke ƙonawa da dala ake mata farashi, naira ta faɗi, gwamnati kuma ta kasa biyan tallafin da ta ɗaukar wa kanta. Sai dai sabon farashi ya fara aiki nan take, alkawarin kuwa sai an bi shi da roƙo. Ƙa'ida ta ce layin wutar da ya kasa cika awanninsa a sauke shi zuwa rukuni na ƙasa. Mutum nawa suka san haka, balle su san inda za su kai kuka?

Akwai wani mai walda a layinmu da ba shi da mita. Watan da taransifoma ta ƙone, a kan janareta ya yi aikinsa, amma da wata ya ƙare aka manna masa bil a ƙofar shago, adadin bai ragu da ko kwabo ba. Ya biya, don masu tsani ba sa sauraron bayani.

Ba wai NERC ba ta taɓa hukunci ba. A Fabrairun 2024 ta zaftare wa kamfanonin naira biliyan 10.5 saboda tsawwala wa marasa mita. To amma muddin kamfani na cin riba da bil ɗin ƙiyasi, me zai sa ya yi gaggawar raba mita?

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin sa ido, Enugu tuni ta karɓi nata. Duk jihar Arewa da za ta bi sahu, ta fara da sharaɗi guda: gidan da ba a sa masa mita ba, kada ƙarin farashi ya shafe shi.